Kashi 20 cikin 100 na lokacin Farfesa

Ina aiki a ofishin kula da tallafin bincike a wata jami'a a nan Kano, kuma cikin takardun da ke bi ta hannuna babu mai cin lokaci kamar wadda ake rubuta yawan aikin da kowane ma'aikaci ya yi wa bincike. Tallafin da na fi daɗewa a kansa kuɗin gwamnatin Amurka ne, daga hukumar NIH mai ɗaukar nauyin binciken lafiya. Wata jami'a a can ce ta karɓo, ta yanko mana kasonmu, ta haɗo mana da sharuɗɗan da aka gindaya mata. Ƙa'idar da suke bi, wadda ake kira 2 CFR 200, ta fara aiki a Disambar 2014. Abin da ta ce kan albashi a fili yake: duk kuɗin da aka cira daga tallafi aka biya mutum, sai an samu rubutacciyar shaidar cewa ya yi daidai da aikin da ya yi a zahiri. Ƙiyasin da aka sa a kasafi tun farko ba ya wadatarwa shi kaɗai.

Mu da muka saba da tallafin TETFund, asusun gwamnatin Najeriya mai tallafa wa manyan makarantu, hankalinmu ya fi tafiya kan rasit da rahoton inda aiki ya kai. Lokacin mutum kuwa ba shi da rasit, sai an bi shi an rubuta.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne lissafin kaso. Ba da awa 40 na mako ake auna shi ba, da dukkan aikin da jami'a ke biyan mutum dominsa ake aunawa: koyarwa, duba ɗaliban digiri na biyu da na uku, zaman kwamiti, shugabancin sashe, da binciken kansa. Duka su ne kashi 100. Malamin da ke aikin awa 60 a mako, in ya yi alƙawarin kashi 20, awa 12 ke kansa, ba 8 ba. NIH da watanni take ƙirgawa, wato kashi 10 na mai aikin shekara cur daidai yake da wata 1.2.

Wani Farfesa da nake girmamawa ƙwarai yana da kashi 20 a tallafinmu da kashi 30 a wani, ga shi ana shirin sa masa kashi 25 a sabuwar takardar neman tallafi, alhali shi ne shugaban sashe kuma yana koyarwa. Na same shi a ofis bayan La'asar, na ajiye masa lissafin a gabansa, na ce, "Ranka ya daɗe, in wannan ya fito, kashi 25 ne zai rage wa aji da ɗalibai da ofis gaba ɗaya." Ya cire tabarau ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "To Malam, ya kake gani?" A nan muka rage kasonsa a sabuwar takardar, muka ƙara wa wani matashin malami wanda dama shi zai fi zama kan aikin.

A ganina wannan ne wuri mafi wuya a aikin, ya fi lissafin kansa. Mun taso da jin nauyin manya, ba ƙaramin abu ba ne ka tambayi wanda ya koyar da malaminka awa nawa ya yi aiki. Na lura cewa in ka je da takarda a hannu, kai da shi kaɗai, ba a gaban ɗalibai ba, kuma ka nuna masa sa hannunsa a takardar yawan aikin kake karewa, yawanci yakan saurara. Sa hannun nan shaida ce, kuma wanda ya san nauyin shaida ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Ga ƙananan ma'aikata, tsarinmu mai sauƙi ne. Kowa yana cike takardarsa ranar Juma'a da safe kafin a watse zuwa masallaci, tun bai manta ba. Ƙarshen wata shi da wanda ya ga aikin da idonsa su sa hannu. Bayan wata uku mu zauna da ofishin bursa, wato ofishin kuɗi na jami'a, mu gwada da abin da aka biya, in da bambanci a gyara.

Takardun nan ne suka nuna mana wata nas da aka rubuta mata kashi 50. Ita ce mai ɗibar jinin yara a wani asibiti da ke wajen Kumbotso, ta sa a kula mai ƙanƙara, ta hau adaidaita sahu ta kawo ɗakin gwaji kafin ya lalace, sannan ta zauna buga wa iyaye waya kan ranar dawowa. Da muka tara makonninta, sai ga shi kusan duk lokacinta binciken ke cinyewa. Ba ta taɓa kawo ƙara ba. Da takardun a hannu muka nemi a daidaita kasonta, aka kuma daidaita. Duk mai cewa wannan aikin ɓata lokaci ne, ita nake fara ba shi labari.

Akwai kuma abin da kasafi ba ya hangowa. Yajin aikin ASUU na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, aji ya tsaya, rabon lokacin malamai ya sauya gaba ɗaya, dole takarda ta nuna hakan yadda yake. Haka in shugaban bincike zai bar aikin fiye da wata uku, ko zai rage lokacinsa da kashi 25 na abin da ya yi alƙawari ko fiye, sai an nemi izini tun kafin ya yi. Tafiya aikin Hajji ba ta kai nan ba, amma hutun nazari na shekara ya kai, shi ya sa nake tambayar malamai shirinsu tun farkon zango.

Masu kuɗin ba sa wasa da batun. A 2014 jami'ar Columbia da cibiyarta ICAP sun biya gwamnatin Amurka kimanin dala miliyan 9 kan albashin da aka cira daga tallafin yaƙi da cutar ƙanjamau ba tare da tantance lokacin da ma'aikata suka yi ba. In hakan ta same mu, ba kuɗi kaɗai za mu rasa ba, ƙofar da ɗalibanmu za su bi gobe ce za ta rufe.

Ƙa'ida ta ce a adana takardun shekara uku bayan miƙa rahoton kuɗi na ƙarshe. Saboda gara da ɗigar rufi lokacin damina, kowace takarda da aka sa wa hannu muna ɗaukar hotonta a ranar, mu ajiye kwafi a kwamfutar ofis, wani kuma a wajen bursa.