Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Yadda adashinmu ya koma tukunyar unguwa

Assalamu alaikum. Makon jiya na tsaya a inda na fita takaba, na ɗauki murhu da butar shayi na kama wuri a bakin kasuwar Madani, babban birnin jihar Jazira a Sudan. Yau labarin sanduk ɗinmu zan ba ku, wato abin da 'yan'uwanmu na Kano da Damagaram ke kira adashi.

Mu goma sha biyu ne, duk Hausawan unguwa ɗaya: masu shayi, masu godo-godo, da matan masu agashe. Uwar adashin kuwa Goggona ce, yayar mahaifina. Ba ta yi boko ba, amma ko fam ɗaya bai taɓa ɓata a hannunta ba.

Tun da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur, kuɗinmu yake ta lalacewa. Amma a Disambar 2018 abin ya shigo mana har cikin ɗaki, lokacin da burodi ya tashi daga fam 1 zuwa fam 3, har mutanen garin Atbara suka fito zanga-zanga kan titi. A Sudan yaro da burodinsa yake zuwa makaranta, da ɗan ful, wato dafaffen wake, a ciki, ya ci da hantsi, lokacin fatur. Wata rana 'yata ta dawo ta ce:

"Umma, ƙawata in an tashi fatur sai ta ce ciki ke mata ciwo, ta zagaya bayan aji ta zauna. Yau kwana huɗu ke nan."

Na san gidan su yarinyar. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, kullum muna gaisawa da uwarta, ban taɓa lura ba. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Ranar zubi na faɗa wa Goggo a gaban mata. Ta yi shiru, sannan ta ce kowacce ta riƙa ɗora kuɗin burodi biyar a kan zubinta, wannan ba na kwasa ba ne. Da asuba muke dafa ful, mu cusa a burodi, mu naɗe a takarda, a kai wa wata malama ta raba a ɓoye. Sharaɗin Goggo ɗaya ne: kada a kira sunan yaro a gaban 'yan ajinsu. Haka muka yi ta lallaɓawa sama da shekara huɗu.

Sai ranar Asabar 15 ga Afrilu 2023, cikin goman ƙarshe na azumi, yaƙi ya ɓarke a Hartum tsakanin soja da dakarun RSF. Mutanen Jazira dama an san su da tare hanya a watan azumi, su tsayar da motar matafiya su ce sai an sauko an sha ruwa. A wannan shekarar waɗanda suka sauko ba su wuce ba. Makarantu suka cika da iyalai masu gudun yaƙi, har wadda muke kai wa burodi.

Samarin unguwa da suka kafa ɗakin agajin gaggawa suka zo wurin Goggo, suka ce: "Hajiya, ku kuka iya tukunya, mu muka iya waya." Su suke neman taimako wurin 'ya'yanmu da ke Jidda da Makka, kuɗi ya shigo ta Bankak, manhajar banki ta waya, su sayo adas, wani irin ƙaramin wake, da gawayi, mu kuma mu dafa. Takiyya ake ce wa irin wannan girki, suna ne da aka gada daga shehunan ɗariƙa masu ciyar da baƙo da almajiri. Da wata ta yi ƙorafin cewa mu ma ba mu ƙoshi ba, Goggo ta ce mata: "Kakanki da ƙafa ya iso ƙasar nan, ko a hanyar Makka ko a ayarin Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi. Wa kike tsammani ya ba shi tuwon farko?"

Akwai wani malamin makaranta daga Umdurman, kusa da Hartum, dattijo mai farin gashi, da ke zaune a aji ɗaya da iyalinsa. Bai taɓa kawo kwano ba. Yakan tsaya nesa a gindin dalbejiya, jalabiyarsa a wanke tas, yana kallon layi, in an watse ya koma. Goggo ta aike ni na kira shi.

"Ustaz," ta ce, "mu ba mu iya rubutu ba, lissafi ya fi ƙarfin kaina. Ka taimake mu ka riƙe mana littafi, kuma duk mai aiki a nan da kwanonsa yake tafiya."

Ya daɗe yana kallon ƙasa kafin ya ce to. Ba dabara kawai ta yi masa ba, muna bukatarsa da gaske. Ya bi gida-gida da littafinsa, sai ga shi ya dawo da sunayen gidaje tara da ba 'yan gudun hijira ba ne, namu ne na unguwa: zawarawa, da tsofaffin da suka ƙare ƙarfinsu a gonakin auduga. Tun kafin yaƙi suke kwana da yunwa. Mu da muke taƙama da cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, baƙo ne ya nuna mana. Daga ranar, bayan magariba yara suke kai musu nasu a rufe.

Sau ɗaya wasu ma'aikatan wata ƙungiya suka zo da buhuna biyu da mai ɗaukar hoto, suka ce mutane su ɗaga kwanukansu. Raina ya ɓaci ƙwarai. Goggo ta ce su ɗauki tukunya da hannayenmu in suna so, amma ban da fuskar mai karɓa. Sun bar buhunan, Allah ya saka musu, amma ba su sake dawowa ba.

Wata takwas tukunyar nan ba ta sauka daga wuta ba. Sai tsakiyar Disamba, ina tsame adas daga ruwa da sassafe, muka fara jin ƙarar manyan bindigogi daga gabashin kogi, wajen gadar Hantub. Ustaz ya rufe littafinsa ya sa a aljihu. Yadda muka bar Madani da Goggo a bayan akori-kura, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.