Me ya sa sama ke fitowa fari fat a hoto?

Ga tsauni a gabanka, ga gajimare sun yi kyau, ka danna waya, sai sama ta fito fari fat kamar takarda. Idon mutum yana ganin haske da inuwa a lokaci guda, amma kyamara ba ta da wannan ƙarfin, dole ta zaɓi ɗaya.

A waya, taɓa allon daidai inda sama take, ka ja ɗan alamar ranar da za ta fito a allon ƙasa har gajimaren su bayyana. Ƙasan hoton zai yi duhu, kar ka damu. Ana iya haska inuwa wajen gyara, amma inda ya ƙone ya yi fari, ya tafi ke nan. Mai babbar kyamara ya sa ISO (wato ƙarfin karɓar haske na kyamara) a 100, buɗewar ido f/8 zuwa f/11, ya rage haske zuwa -1 a ma'aunin ƙara haske da rage shi.

Rana tsaka ba ta da daɗin ɗauka. Sa'a guda bayan fitowarta ko kafin faɗuwarta, haske na zuwa a karkace, ya fito da tudu da kwari. Kuma a goge gilashin kyamara tukuna, maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya sa hoto hazo.