Wanda aka ci shi ke biya

Shekara tara ke nan ina buɗe shagon gem a unguwarmu. Talabijin huɗu ne, na'urar wasa PS4 uku, sai tsohuwar PS2 guda da na ƙi sayarwa, benci biyu, da janareta wanda tun da aka cire tallafin mai a 2023 ya zama abokin rabon ribata. Dokar shago tana rubuce a bango: kowane rabin wasan ƙwallo minti huɗu ne, wanda aka ci shi ke biya, wanda ya ci ya ci gaba da zama.

Yara suna ganin ni na ƙirƙiro wannan doka don son kuɗi. Son kuɗin gaskiya ne, amma dabarar ta girme ni. A 1972 wani ƙaramin kamfani a Amurka mai suna Atari ya haɗa wasan Pong: sanda biyu da ɗigo ɗaya yana kai da kawowa, shi ke nan. Injiniyansu Allan Alcorn ya kai na'urar gwaji wata mashaya a garin Sunnyvale, a jihar Kalifoniya, kowane wasa a jefa kwabo 25 na dala. Ba a daɗe ba mai wurin ya bugo waya wai abu ya lalace. Da Alcorn ya buɗe, sai ya tarar lafiyarta ƙalau, akwatin kuɗin ne ya cika har silalla sun toshe hanya. Ni dai tun da na fara sana'ar nan ban taɓa samun irin wannan lalacewa ba. Tawa ita ce hannu, wato abin da ake riƙewa a sarrafa wasa, da sandarsa ta saki, ɗan wasa yana ta gudu gefen fili ba wanda ya aike shi.

Wanda ya fi burge ni shi ne Space Invaders, da kamfanin Taito na Japan ya fitar a 1978. Kana harbe dodanni, sauran suna ƙara gudu. Asali ba da gangan aka yi ba: na'urar ce ba ta da ƙarfi, da dodannin sun ragu sai aiki ya yi mata sauƙi ta ƙara sauri. Tomohiro Nishikado da ya haɗa wasan ya lura, ya bar shi haka. Ga daɗi ga mai wasa, ga shi kuma ba ya daɗewa a gaban na'ura, na baya ya matso da kuɗinsa. Minti huɗuna ke nan a wata riga.

Sai yaren wurin. Wanda ya shigo shago karon farko zai ɗauka faɗa ake. "Noob" suke ce wa ɗan koyo, daga kalmar Turanci ta sabon shiga, amma idan ana son a ci masa fuska sosai sai a ce nama ne. Idan hoto ya riƙa tsayawa, "lag" ne, kuma na lura ba ya kama kowa sai wanda ake ci. "GG" kuwa an yi ta ne don girmamawa, a ce wa abokin karawa wasa ya yi kyau. A shagona wanda ya zura biyar da nema ne ke faɗinta, yana miƙa hannu yana dariya, shi ya sa na ɗauke ta a matsayin farkon rigima. "Bos" ce kaɗai ba ta buƙaci bayani ba, domin tun zamanin finafinan Indiya mun san bos shi ne mugun da ake gamawa da shi a ƙarshe.

Jiya bayan La'asar wani dattijo ya leƙo neman jikansa da ya tsallake Islamiyya. Yaron ya yi tsuru-tsuru riƙe da hannu, ana cin sa uku da ɗaya.

"Sannu da zuwa, Baba. Wallahi ban san lokacin makarantarsa ba ne," na ce.

"Nawa ake bin sa?"

"Baba, ku bar shi kawai."

Ya ajiye ɗari biyu a kan teburi, ya kama kunnen yaron suka nufi ƙofa. Daga can benci wani ya ɗaga murya ya ce, "GG!"