Goro ne ya fitar da ni daga gwajin maganin barci

Shekara shida ina fama da rashin barci. In kwanta ƙarfe 11, ƙarfe 2 ido biyu kamar mai gadi, ina jin jirgin ƙasan Bronx yana wucewa. Da na ji wani asibiti a nan New York na neman mutanen da za a gwada wa sabon magani, ban yi wata-wata ba. Sharaɗinsu kana kasa barci aƙalla dare uku a mako, har wata uku. Ni kam na wuce nan da nisa.

Maganin irin wanda ke toshe orexin ne, sinadarin da ke riƙe ƙwaƙwalwa a farke, dangin Belsomra da Amurka ta amince da shi a 2014. Na kwana biyu a ɗakinsu da wayoyi manne a kai da haɓa, kullum da safe kuma ina cike littafin barci. Duk wannan lafiya lau.

A takardar farko aka tambayi kofi nawa nake sha, shayi nawa, lemon kwalba nawa. Na rubuta shayi kofi ɗaya da safe, kuma gaskiya na faɗa. Babu layin goro, ni ma ko a raina bai zo ba. Wa ke lissafa goro cikin abin sha?

Ranar da za a raba mu, wasu maganin gaske wasu ƙwayar bogi, ina zaune a ɗakin jira na ɓare farin goro. Nas ɗin ta zo wucewa, sai na miƙa mata ɓari, don ba a yi mini tarbiyyar ci ni kaɗai ba. Ta juya shi, ta tambayi nawa nake ci a rana. Na ce huɗu, wani lokaci biyar, na ƙarshe bayan isha'i. Sai ta daina murmushi.

Ashe kafeyin ɗin goro, wato sinadarin da ke cikinsa mai hana barci, bayan kusan awa biyar rabinsa na nan a jini. Duk bayanan da suka tara a kaina sun lalace. Aka sallame ni cikin mutunci, ko ƙwaya ɗaya ta gaske ban haɗiya ba. Da hannuna na miƙa mata shaidar!

In za ka shiga irin wannan, faɗi duk abin da ke shiga bakinka, har jiƙo da citta, su zaɓa.

Da na dawo gida uwargida ta ce, "Alhaji, ai na sha gaya maka, sai da Baturiya ta faɗa." Yanzu daga la'asar ba na taɓa goro. Barcin ya ɗan samu, amma har yau ƙarfe 3 na san ta.