Ajin nazarin zamantakewa da adashin Hajiya

Ban shiga kwalejin nan ta Bronx, a birnin New York, don nazarin zamantakewa ba. Aikin jinya nake so, kuma a jerin darussan da aka ce sai na ci kafin a dubi takarduna akwai wannan, sai na yi rajistarsa kamar mai shan maganin da ba ya so. Kwalejin irin wadda a Amurka ake kira ta al'umma ce: karatun shekara biyu, kuɗinta bai kai na jami'a ba, kuma ba ruwansu da shekarunka. Ajinmu na dare ne. Da rana ina kula da wata tsohuwa a gidanta, da yamma in hau jirgin ƙasa in taho. Akwai direban bas a cikinmu, da wani tsohon soja, da 'yan matan Dominika da yawa, da wani ɗan Bangladesh mai aikin gadi, sai ni 'yar Maraɗi da na fara da ajin koyon Turanci.

Makonnin farko haddar sunaye ce kawai. Auguste Comte, Bafaranshen da ya raɗa wa fannin suna a 1838, sai Marx, sai Durkheim, sai Weber. Ibn Khaldun kuwa, wanda tun 1377 ya rubuta Muƙaddima ya yi bayanin asabiyya, wato haɗin kan da ke ɗaga ƙabila ta kafa daula, in ya yi sanyi daular ta rushe, layi kaɗan littafinmu ya ba shi. Wannan ya ɗan sosa mini rai, har na faɗa a aji. Malamar ta ce ina da gaskiya, muka wuce.

Durkheim ne ya fara tsayar da ni. A 1897 ya tattara alƙaluman mutanen da suka kashe kansu a ƙasashen Turai, ya ga abin ya fi yawa tsakanin 'yan Furotesta fiye da 'yan Katolika, ya fi yawa tsakanin gwauraye fiye da masu iyali. Hujjarsa ita ce, gwargwadon yadda jama'a ta riƙe mutum, gwargwadon yadda zai tsira. Na ji wani iri da aka ɗora addini kan tebur ana auna shi da lissafi. Malamar ta ce fannin ba ya tambayar ko addini gaskiya ne, abin da yake tambaya shi ne me yake yi tsakanin mutane. Da wannan sharaɗin na iya zama, ko da yake har yanzu ina ganin wanda ya kalli sallar jam'i bai ga komai ba sai haɗin kai, to rabin abin ya gani.

Amma darasin da ya bi ni har gida shi ne na Mark Granovetter. A 1973 ya buga binciken da ya yi a garin Newton na jihar Massachusetts, inda ya tambayi mutanen da suka canja aiki ta yaya suka ji labarin sabon aikin. Cikin waɗanda suka samu ta hanyar wani, kusan kashi 17 cikin 100 ne kawai suka ce mutumin na kusa ne, wanda suke gani a kai a kai. Sauran duk daga bakin wanda ake haɗuwa da shi jefi-jefi suka ji. Dalilin ba boyayye ba ne: aminanka abin da ka sani shi suka sani, wurin da kake zuwa can suke zuwa. Sabon labari sai daga wanda ke yawo a wata da'irar.

Ina zaune sai na fara lissafa matan da na sani daga gida, na Maraɗi da Damagaram da na zangon Kumasi da muke haɗuwa a suna da biki. Kusan kowacce ko kitso take yi, ko kula da tsofaffi. Mazan kuma tasi, ko kai saƙo, ko tsaron shago. Kowa yakan ce haka Allah ya tsaga masa, kuma haka ne. Sai dai wadda ta tarbe ki a filin jirgi, ta ba ki ɗaki, ita ce za ta kai ki inda take aiki, domin nan kaɗai ta san ƙofa. Ni kaina, labarin cewa ana iya fara karatun jinya daga irin wannan kwaleji ba daga 'yan uwa na ji shi ba. Wata ma'aikaciyar jinya 'yar Jamaika ce da ke zuwa duba tsohuwar da nake kula da ita ta faɗa mini a tsaye, tana wanke hannu.

Da aka ba mu aikin mu zaɓi wata ƙungiya mu lura da ita mu rubuta, na zaɓi adashinmu. A ɗakin karatu mai kula da littattafai ta nemo mini aikin Abner Cohen na 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan. Ya nuna yadda cinikin shanu da goro tsakanin arewa da kudu ya tsaya kan amana: maigida ya saukar da baƙo, ya tsaya masa, dillali ya haɗa ciniki, a ba da kaya bashi ba takarda. Ya kuma nuna yadda shigar mutanen unguwar ɗariƙar Tijjaniyya a farkon shekarun 1950 ta ƙara ɗaure su wuri guda. Ina karantawa ina ganin falon uwar adashinmu. Kuɗi mai kauri ke ratsa hannunta duk wata, ba sa hannu, ba lauya. Abin da ke tsare kuɗin shi ne kunya, da sanin cewa in kika ci amana kafin ki kwanta labarin ya isa Maraɗi ta WhatsApp.

Na je na same ta da tambayoyina. Ta dube ni ta ce, "'Yar nan, yanzu kuɗin da kika kwasa kika biya makaranta, abin da suke koya miki ke nan? Ki zo ki tambaye ni yadda nake adashi?" Na ce, "Hajiya, ai ku ne littafin." Ta yi dariya, ta zuba mini kunu, sannan ta yi mini bayanin da ba shi cikin Cohen: yadda take jera kwasa, wa ake ba farko don tana da bikin ɗiya a gida, wa ake jinkirta wa don ba a gama sanin halinta ba.

A nan ne na ɗan saɓa da Granovetter a takardata. Mutanen da ya tambaya ma'aikatan ofis ne masu takardun shaida, waɗanda labari kawai suke buƙata. Ni labarin ya zo daga bare, amma kuɗin rajista daga adashi ya fito, kuma maƙwabciyata 'yar Kumasi ce ke riƙe mini yara daren da nake aji. Malamar ta ba ni maki mai kyau, ta kuma rubuta tambaya a gefen shafi: su wa ba a karɓa a adashin? Akwai su. Bazawarar da ake yi wa zargi, da wadda ta zo ba ta da mai tsaya mata. Hajiya ta ce wannan maganar ba ta makaranta ba ce, amma in na dawo ran Lahadi bayan la'asar za ta duba.