Kwana a Sansanin Oshkosh: Abin da Ya Kamata Baƙo Ya Tanada

Kowace shekara a ƙarshen watan Yuli, garin Oshkosh da ke jihar Wiskonsin ta Amurka yakan karɓi baƙuncin bikin baje kolin jiragen sama da ake kira AirVenture, wanda EAA, wata ƙungiyar masu sha'awar jiragen sama, take shiryawa tsawon mako guda a filin jirgin Wittman. Paul Poberezny ne ya kafa ƙungiyar a 1953 a birnin Milwoki, taron kuma ya dawo Oshkosh a 1970 bayan ya yi shekaru a birnin Rokfod. A yau jirage fiye da 10,000 ne suke sauka a yankin cikin wannan mako. Duk na karanta waɗannan kafin tafiyata ta farko, amma ba su ne suka amfane ni ba, domin wahalar da na sha ba ta da alaƙa da jirgi: daga tanti da takalmi ta fito.

Otal-otal na garin sukan cika tun watanni kafin bikin, saboda haka dubban mutane a fili suke kwana. Wanda ya zo da ƙaramin jirginsa yakan kafa tanti a ƙarƙashin fiffike, a ɓangaren da ake kira North 40. Mu da muka zo da mota kuwa sai sansanin Camp Scholler, wata makekiyar fadamar ciyawa da take zama gari guda mai tituna da kantuna da wuraren wanka. Sharaɗin shiga shi ne a sami mutum ɗaya mai rajistar EAA a kowane masauki, kuma mafi yawan wuraren na wanda ya riga isa ne. Na isa ranar Litinin da aka buɗe, ina ganin na yi sammako, ashe wasu a tafe suka kwana. Can ƙarshen sansani na samu wuri, inda sai na yi doguwar tafiya ko na jira motar bas kafin na kai ƙofar shiga.

Batun tanti shi ne na fi so mai karatu ya riƙe. Yuli lokacin zafi ne a Wiskonsin, zafi mai gumi, kuma hadari yakan taso da iska da tsawa ba tare da dogon gargaɗi ba. Ni na sayi tanti mai araha, na kafa shi da siraran turakun da suka zo a cikin jakarsa, a wani wuri da na zaɓa don laushin ciyawarsa, ban lura cewa kwari ne ba. A dare na uku ruwa ya kece. Iska ta tumɓuke turaku biyu, rufin ya kwanta a fuskata, na kwana zaune a kan akwati ina riƙe da sandar tanti, bargona yana iyo a gefe. Da gari ya waye wani dattijo maƙwabcina ya leƙo, ya dubi ɓarnar bai ce komai ba, ya koma motarsa ya ɗauko mini dogayen turakun ƙarfe da guduma, sannan ya nuna mini ɗan tudun da ya kamata in koma. Saboda haka a nemi wuri mai tudu, a ɗaure kowace igiya ko da sama garau take, a shimfiɗa leda mai kauri a ƙarƙashi, a kuma ƙulle tufafi da fasfo da cajar waya a cikin leda.

Filin bikin yana da tsawon kilomitoci, kuma ko da yake akwai taragon da tarakta ke ja kyauta, yawancin yini a ƙafa ake yin sa. Kada a zo da sabon takalmi. Wanda ƙafa ta saba da shi ya fi, tare da na biyu don ranar caɓi. Inuwa ta yi ƙaranci a bakin titin jirage, don haka malafa da gorar ruwa da kujera mai naɗewa wajibi ne, haka ma abin toshe kunne, musamman ga yara, domin ƙarar jirgin yaƙi har a ƙirji ake jin ta.

Musulmi yana da ƙarin shiri. Tsiran alade ya yi yawa a rumfunan abinci na wannan jiha, shi ya sa na dogara da ɗan risho da shinkafa da ƙwai da kifin gwangwani. Rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 8 na dare, alƙibla kuma tana wajen arewa maso gabas, abin da ya ɗaure mini kai a ranar farko.

Kuskuren baƙo shi ne ƙoƙarin ganin komai. Ba zai yiwu ba. Wasan jirage a sama yakan fara ne da azahar zuwa yamma, ana kuma yin na dare da tartsatsin wuta ranakun Laraba da Asabar, amma a ganina safiya ta fi daraja. A lokacin ne ake zagaya jiragen Yaƙin Duniya na Biyu da tsofaffin jirage da waɗanda mutane suka ƙera da hannunsu a garejin gida, mai jirgi yana zaune a gefe yana jiran wanda zai tambaye shi. Ba a taɓa jirgin mutum sai da izininsa, ba a kuma shan taba kusa da jirage. Wanda ya sami rarar rabin yini ya hau bas zuwa gaɓar tafkin Winebago, inda jirage masu sauka a ruwa suke, domin can ne kaɗai na sami bishiyoyi da shiru, har na shanya bargona ya bushe.