Macijin Azurfa

Yau a wata kasuwar sana'ar hannu a Meksiko, wani dattijo maƙeri ya miƙo min munduwar azurfa mai siffar maciji. Wallahi sai da na janye hannu, kamar zai sare ni! Ya yi dariya, ya ce a wajen mutanen Huichol na tsaunukan Jalisco da Nayarit, maciji alamar ruwan sama ne, ruwan da ke raya masararsu.

Na shafa zanen fatar macijin, kowane layi da hannu aka fitar, wasu ma sun ɗan karkace. Sai macijin rijiyar Kusugu ya faɗo min a rai, wanda ya hana mutanen Daura ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Ban saya ba, amma har yanzu ina jin sanyin azurfar a tafina.